Lamba Ɗaya Da Na Sa Wa Inji Biyu

Ni makiyayi ne tun tashina, daga wajen Ibohamane. Fari ya cinye mini dabbobi, na gangaro Keita neman abin yi, wani biro, wato ofis, na masu aikin gyaran ƙasa ya ɗauke ni shara da aike. Lokacin da abin nan ya faru, gab da shekara ta dubu biyu, na haura arba'in, da baki takwas a gida. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wannan takardar ma faɗa nake, ana rubuta mini.

An kawo ordinata huɗu biron, abin da wasu ke ce wa kwamfuta. Wani ma'aikaci ya zo daga Yamai ya haɗa su da waya, don su riƙa miƙa wa juna aiki, su kuma aika wa injin buga takarda. Ya ba kowace ordinata lamba mai gida huɗu, da ɗigo a tsakani, ya rubuta a takarda ya ba shef, shugaban biron, shef ya jefa ta a durowa. Injin sakatariya tsoho ne, yakan manta tasa lambar. Da yake ni ke kunna su kowace safiya, mutumin ya kama yatsana ya nuna mini inda zan danna in mayar da ita. Na haddace siffarta. Bai gaya mini amfaninta ba, ni kuma ban tambaya ba.

Bayan damina aka aiko wa shef sabuwar ordinata, aka kwashe tsohuwar. Ya nemi takardar bai gani ba. Ni na buɗe baki na ce na iya. A wurinmu, dabbobin gida ɗaya alama ɗaya ake ƙona musu, kuma na lura farkon lambobin nan duk iri ɗaya ne. Na ɗauka alamar gida ce. Sai na sa masa lambar sakatariya, gida huɗun duka. Ta yi aiki nan take. Shef ya buga mini kafaɗa, ya ce wa direbobi ga injiniyan da bai taɓa zama kan benci ba.

Daga ranar injin sakatariya ya daina aika komai. Sakatariyar yarinya ce Kirista daga wajen asibitin mishan, ita ke riƙe da mahaifiyarta, kuma Baba take ce mini. Ni kullum na shef nake fara kunnawa, don girma, ashe wanda ya riga tashi shi ke riƙe lambar. In shef ya tafi Tawa ko Buza, injinsa a kashe, nata ya yi aiki lafiya. Ya dawo, nata ya tsaya. Shef ya ce ai inji bai san fuskarsa ba, ita ce ke yi masa taurin kai. Wata rana ina goge tebur, ta karanta masa abin da injin ke rubutowa da Faransanci, ta ce yana cewa wani ya riƙe masa lamba. Shef ya ce ta daina yi masa wayon 'yan lakwal. A nan na gane. Na ci gaba da goge teburin. Geron shekarar bai kai mu ko'ina ba, na ce a raina in na yi magana ni za a kora.

Ita aka kora. Aka kawo ɗiyar wani abokin shef, abin bai canja ba, sai aka kira na Yamai. Kafin shayi ya tafasa ya gyara. Ya canja gidan ƙarshe kawai, ya ce kowane inji da nasa, har ya bar lambobi a ajiye don sababbi, suna cikin takardar nan da ta ɓata. Ya tambaya wa ya sa lambar. Na ce ni ne. Suka yi dariya har da hawaye. Ba a kore ni ba, ko tsawa ba a yi mini ba. Na ce wa shef to a dawo da yarinyar, ya ce kujera ta riga ta samu mai ita.

Na yi wata biyar kafin in iya zuwa wurinta. Na same ta tana tuyar ƙosai bakin hanyar Madawa. Ta ba ni tabarma, ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na gama.

"Baba, na sani tun ranar da kake goge tebur," ta ce. "Na ga hannunka ya tsaya. Jira na yi ka faɗa da bakinka."

Ta juya ƙosanta. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga da wace fuska ba.

Har yau ina jin haushin masu ilimin da ke koya wa yatsa aiki su bar kai a duhu. Amma jahilci bai kore ta ba, ya tsaya ne ranar da na gane. Abin da ya biyo baya tsoro ne, kuma nawa ne. Wanda aka nuna wa aiki, ya tambayi dalilinsa ko za a yi masa dariya. Wanda ya ga kurensa na shirin faɗa wa wani, ya yi magana a ranar. Ni na yi tawa magana, amma sai da ba ta da amfani ga kowa.