Ƙyallayen Gonar Yaya Muntasir

Yaya Muntasir shi ne babba a ɗakinmu, ni Safara'u ce auta, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya. A Toranke aka haife mu, a gidan da kakan Babanmu ya kafa lokacin da ya taso daga Barno da jakunan kanwa. Innarmu ta rasu ina goye, sai Hajja Gaji, mahaifiyar Babanmu, ta riƙe mu. A gidanmu ni ake tambaya idan an manta shekarar da aka yi wani abu, shi ya sa na ga gara in rubuta labarin Yaya yanzu, tun ban fara gyara shi don ya yi mini daɗi ba.

Tun yana yaro ba shi da surutu. Idan aka aike shi itace sai ya daɗe, ya dawo da ɗan kaɗan, wai sauran ɗanye ne. Da ya shiga jami'a ya karanta fannin gandun daji, mutanen gari suka laƙaba masa Malamin Daji, sunan ya bi shi har yau. Ya gama bautar ƙasa a 2017, a shekarar Babanmu Malam Ari ya rasu, gonarsa ta arewacin gari ta dawo hannun Yaya. Ya samu koyarwa a wata sakandare a Gaya, kullum yana zuwa a kan mashin yana dawowa.

A bazarar farko da ya karɓi gonar ya yi abin da ba a saba gani ba. Kowa idan ya zo sharar gona yana sare duk tofon da ya fito a kan tsofaffin kututture, ya tara ya ƙone. Shi kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kalgo, sabara, gawo, aduwa, magarya, ya rage reshe biyu ko uku mafi ƙarfi, ya ɗaura musu ƙyalle. Ni nake yaga masa ƙyallayen daga tsofaffin zannuwan Hajja. Shekarar farko jan zanen da ta je sunana da shi, ta biyu shuɗi, ta uku ruwan ɗorawa, ta huɗu wani kore mai zanen ganye. Da ka ga ƙyalle ka san shekarun bishiyar. Duk ƙarshen wata yakan ɗauki tef ɗin tela ya auna tsayinsu da kaurinsu, ina riƙe masa littafi ina rubutawa.

Mutane suka samu abin dariya. Masu wucewa sukan ɗaga murya su ce, "Malamin Daji, yaushe za a kai amaren? Mun ga har an ɗaura musu ɗankwali!" Shi dai murmushi yake yi.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Baffa Bala, ƙanen Babanmu. Shi kunya yake ji a ce gonar wansa ta koma kamar saura, gonar da aka daina nomawa. Duk shekara sai ya kira Yaya zaure ya ce, "Muntasir, gonar nan fa tana neman hannu." Yaya kuma kansa a ƙasa sai ya ce, "To Baffa, za a gyara in sha Allahu." Shekara huɗu suna wannan maganar, kalmomin ba su taɓa canzawa ba. Mu a gidanmu ba a yi wa babba musu, kuma ba a zaunar da shi a ce za a koya masa noma.

Burin Yaya shi ne digiri na biyu a kan raya itatuwa da kare ƙasar noma. Abu biyu yake nema a wuri ɗaya, makarantar da albashin malamin sakandare zai iya ɗauka, wadda kuma ake fita fili da gaske. Ya kusan shekara uku yana nema. Bayan an tashi daga makaranta yakan zauna a Gaya inda sabis ya fi ƙarfi, yana bin shafukan jami'o'i a waya. Bai yarda da abin da suke rubutawa a kan kansu ba, sai ya nemo lambar wanda ya gama a can ya tambaye shi sau nawa suka fita daji. Wani ya ce masa, "Sau ɗaya, shi ma hoto muka je ɗauka." Wata makarantar da sauƙi, amma ɗalibai suna shekara biyar ba a duba musu aiki ba. Wata tana da malamai na gaske, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Ta ƙasar waje kuwa, jarrabawar Turanci da fasfo kaɗai sun isa su tsayar da shi. Da ya dawo gida Hajja takan ce, "Yau ma ba a samo ba?" Ya ce, "Da saura, Hajja."

A azumin 2022 wani abokin karatunsa ya haɗa shi da Dakta Hanne, malama a wata jami'a a nan arewa. Tana da wani shiri da zai ɗauki nauyin ɗalibai biyu, da sharaɗin kowanne yana da gonar da aka raya tofo a cikinta, wadda za a ci gaba da aunawa har shekara biyu. Ranar da Yaya ya gama waya da ita ya shigo tsakar gida yana dariya shi kaɗai. Ya ce mini, "Safara'u, amaren nan su za su kai ni makaranta." Bishiyoyin a lokacin ɗari da goma sha bakwai ne, masu jan ƙyalle har sun fi shi tsayi. Aka ce ya je ganawa sati ɗaya bayan ƙaramar Sallah, daga baya ita Dakta ta zo ta ga gonar da idonta. Bai gaya wa kowa sharaɗin ba sai ni, ya ce sai abu ya tabbata.

Ya tafi ranar Litinin. Ranar Talata da yamma Baffa ya shigo ya gaida Hajja, ya ce ya gayyaci mutane jibi za a yi wa Muntasir gayyar sharar gona. Ya ce yaron nan shekara huɗu yana cewa zai gyara, koyarwa da neman karatu sun hana shi, ga damina ta matso. Hajja ta yi ta sa masa albarka. Ta juyo ta ce mini, "Ke kuma bakinki ƙanin ƙafarki, kada ki gaya masa. So nake ya dawo ya tarar."

Ina tsaye a bakin madafi na ji komai. Na buɗe baki zan yi maganar ƙyallayen, sai na ga Baffa yana murna kamar shi za a yi wa, ga Hajja tana share hawaye tana ambaton Babanmu. Na ce wa kaina ai tushiyoyin dawa da ciyawa kawai za su share, wa zai sare bishiyar da aka ɗaura wa alama? Na san ba haka ba ne. Na san abin da Baffa yake nufi da gyara.

Ranar Alhamis da hantsi muna tsakiyar dakan abincin 'yan gayya Yaya ya kira wayata. Muryarsa a sake, ya ce an yi ganawa lafiya, Dakta ta daɗe tana duba littafinmu har ta tambayi mai wannan rubutu mai kyau. Sai ya ce, "Wannan dakan fa da nake ji? Wa ya haihu ban sani ba?"

Na ce, "Babu kowa, Yaya. Fura ce."

"Furar turmi uku? To a ajiye mini tawa."

Na yi dariya na kashe wayar. A lokacin ko rabin gonar ba su kai ba. Wannan daga baya na lissafa, kuma na sha lissafa shi.

Da azahar muka kai tuwo da miyar kuka. Tun daga nesa na hango hayaƙi. Mutum kusan talatin, da adduna da gatura, sun share gonar fes, sun tara rassa tsibi-tsibi sun cinna wa wasu wuta. Wani ya ce, "A gaya wa Malamin Daji mun kai masa amarensa ɗaki!" Aka kwashe da dariya. Suna cin abinci na bi tsibin da wuta ba ta kai ba ina kwance ƙyallaye ina cusawa a haɓar zanena. Arba'in da ɗaya na samu.

Ranar Juma'a Yaya ya dawo. Baffa bai bari ya sha ruwa ba, ya hau bayan mashin ɗinsa suka tafi gona, na bi su a ƙasa. Na tarar da su a kan iyaka, Baffa yana nuni da sanda yana cewa, "Ka gani? Kamar lokacin Yaya Ari." Yaya ya bi gonar da kallo. Can ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa. Allah ya bar zumunci."

Wanda aka yi wa gayya dole ya yi godiya. Bayan la'asar ya sa babbar riga ya bi gidajen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya yana yi musu sannu da aiki. Bai tsallake ko gida ɗaya ba.

Dakta Hanne ta zo duk da ya gaya mata a waya. Mace ce mai fara'a, ta zagaya gonar tana taɓa kututturen da ƙafa. Ta ce littafin yana da amfani, amma masu ba da tallafin bishiya a tsaye suke so a auna, ba ta da yadda za ta yi. Ta ce waɗanda ba su ƙone ba za su sake tofowa, ya neme ta bayan shekara uku idan shirin yana nan. Gurbin aka ba wani. Baffa yana gefe yana jin duk bayanin. Da motarta ta tashi ya ce, "Muntasir, me ya hana ka gaya mini?" Yaya ya ce, "Ba komai, Baffa, haka Allah ya so." Baffa ya yi kwana uku bai shigo gidanmu ba.

Shirin Dakta ya ƙare kafin shekara ukun su cika. Yaya yana nan yana koyarwa a Gaya, ya yi aure, yana da 'ya ɗaya. Ya daina zama bayan an tashi daga makaranta, Hajja ma ta daina tambayarsa.

A bazarar bana na raka shi gona. Kututturen da yawa sun tofo, ina kallo ya tsuguna gaban wani kalgo ya rage masa rassa kamar da. Na ciro jan ƙyalle ɗaya daga cikin waɗanda na ɓoye na miƙa masa, na kuma gaya masa abin da na riƙe shekara uku, cewa ranar da ya kira ni na san abin da ake yi a gonar.

Ya ce, "Na sani, Safara'u. Tun da na ga gonar na tuna dakan nan." Ya juya ƙyallen a hannunsa. "Ke kwana biyu kika yi shiru. Ni shekara huɗu ina ce wa Baffa za a gyara."

Na ce ya ɗaura mana, ko Allah zai kawo wani shirin. Ya ce ba ya jin zai sake cika fom, kuma wannan ƙyallen na bishiyar da aka sare ne, idan ya ɗaura wa wannan ya yi mata ƙaryar shekaru. Ya mayar mini da shi ya wuce kututture na gaba. Ƙyallayen suna nan a ƙasan akwatina, tare da littafin awon, wanda shafinsa na ƙarshe ya tsaya a watan Afrilu na 2022.