Kolo Mai Wayarin da Idon Bayan Mota

Duk direban da wutar motarsa ta taɓa ɗaukewa a Haɗejiya ya san rumfar Kolo mai wayarin, a bakin hanyar Malam Madori. Ɗan masunta ne, amma shi kaɗai a gidansu kwalekwale ke sa wa jiri, don haka tun yana saurayi ya bar wa 'yan'uwansa kogi ya koma ƙarƙashin motoci. A nan ya yi furfura, a nan ya aurar da 'ya'ya.

Sai hawan jinin ido ya shigo masa sannu a hankali, har jar waya da baƙa suka zama abu ɗaya a wurinsa. Mutanenmu kuwa ba su iya ɓoye tausayi ba. Su zo su gaishe shi da ladabi, sannan su kai motar gaba. Babbar 'yarsa Shamsiyya, mai ɗinki, ta dage ya rufe rumfar kafin wata rana mota ta danne shi.

Ana cikin haka Tukur ya iso da motarsa. Dillalin shanu ne, wanda ambaliya ta cinye wa gida sau biyu, ya yi zuciya ya mai da tsohuwar bas ɗaki: gado, labule, tukunyar gas, har da randa. Durowar kaya ta toshe gilashin baya gaba ɗaya. Makon da ya wuce yana ja da baya a kan jinga ta wajen Kafin Hausa, saura ƙiris ya kwana cikin fadama shi da randarsa. Ya sayo kyamarar ganin bayan mota da ƙaramin allonta daga Kano, ga su a kwali.

“Baba Kolo, kai ka yi wa motar nan wayarin tun farko. Ba na son wani ya taɓa ta,” in ji Tukur.

Kolo ya aika aka kira Shamsiyya. “Zauna ki gani. In aikin nan ya ƙi, gobe na ba ki makullin rumfa.”

Ya sa Tukur ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya saka giyar ribas. Shi kuma ya cire murfin fitilun baya, ya riƙa dafa ƙwayayen har ya ji wanda ya yi ɗumi, wato na ribas. Daga nan ya bi wayarsa da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ya feɗe ta, ya haɗa wutar kyamara, ɗaya wayar kyamarar kuma ya ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ya huda saman ƙofar baya ya dasa kyamarar. Sannan ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashin mota da doguwar wayar hoto, yana kauce wa salansa, yana ɗaurewa, yana naɗe mahaɗa da salatif saboda ruwan damina. Shamsiyya ta taso tana cin abincin hannayen nan, amma ba ta taɓa zama ta kalle su suna aiki ba, abin har ya ba ta tsoro.

Da ƙaramin allon da ke gaban direba ya kawo haske, Tukur ya yi gyaran murya.

“Ya kawo, Baba. Sai dai bishiyar maina kanta a ƙasa yake.”

Akwai 'yar alama mai nuna saman kyamarar, wadda yatsa ba ya ji. Kolo ya tsaya riƙe da sukudireba, yana jiran 'yarsa ta ambaci makulli.

“Juya ta dama, Baba,” in ji Shamsiyya daga kujerar gaba. “Ƙara. Kaɗan kuma. Tsaya nan.”

Ya ɗaure. Maimakon ya nemi inuwa, sai ya taka can baya, ya tsaya daidai tsakiyar hanyar motar, ya harɗe hannuwa a baya.

“Tukur, tayar ka taho.”

“Haba Baba, mu ajiye jarka mana.”

“Jarka ba ta yi aikin ba. Taho.”

Motar ta fara tahowa. Masu facin taya da mai shayi duk suka miƙe. Kolo ba ya ganin komai sai wata inuwa mai girma, yana jin ƙarar inji da ɗumin hayaƙi a ƙafafunsa, bai matsa ba. A cikin allo kuwa Shamsiyya na kallon mahaifinta yana ƙara girma, hula a karkace, baƙin mai a goshi, idanunsa na duban wani wuri daban. Hawaye ya zubo mata.

Birki ya kama. Kolo ya miƙa hannu, bai gama miƙewa ba ya taɓa ƙofar.

“Kin gan ni?” ya tambaya.

“Na gan ka, Baba. Riƙe makullinka. Amma daga gobe a rumfar nan zan kafa keken ɗinkina.”