Mama Cherop, Wadda Ta Koya wa Ɗan Tsere Tsayawa

Kafin ayarin farko na 'yan tsere ya dawo daga atisayen safe, Rael Jeptarus ta riga ta buɗe ɗakin gashin ƙashi a ƙaramin asibitinmu na garin Iten. Babu mai kiranta da wannan suna. Mama Cherop ce a bakin kowa. A tsaye take shan shayinta, sau da yawa ma sai ya huce. Ta duba wannan gwiwa, ta murza wancan idon sawu, ta leƙa waje ta yi wa ɗan acaɓa faɗa don ya tare ƙofa. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, amma maimakon murna sai kai-kawo take yi, tana tambayar wa zai karɓi mutanenta.

Mutanenta su ne waɗanda korona ta tafi ta bar musu wata irin gajiya da ba ta jin barci. Kipkurui yana cikinsu. Ɗan tseren dogon zango ne, da ƙafafunsa yake ciyar da gidansa. Bayan ya warke ya koma fili. Ranar da ya yi gudu lafiya lau yake ji. Sai washegari, ko jibi, jiki ya rushe: kai na sara, gaɓoɓi na ciwo kamar zazzaɓi, gorar kindirmon da muke kira mursik ma ta gagare shi ɗagawa, magana ta ɓace masa a tsakiyar zance. Da ya ɗan farfaɗo sai ya sake ɗaura takalmi, ya sake faɗuwa fiye da da.

"Lalaci ne ya shige ka," in ji kocinsa. "A garin nan da gudu ake kashe gajiya."

Matarsa Jesang ce ta jawo shi wurin Mama Cherop. Da farko Mama Cherop ta tura shi wurin likitoci, suka auna jini, zuciya da ƙirji, don kada a yi ta zargin korona alhali wata cuta ce daban. Komai ya fito lafiya. Sannan ta zaunar da shi.

"Ɗana, ban tambaye ka yadda ka ji a fili ba. Yaya ka tashi bayan kwana biyu?"

Ya dubi matarsa. Jesang ta ce, "Mama, kamar gawa."

"In ya sha surutu da baƙi fa? Ko ya daɗe yana latsa waya?"

"Haka dai."

"To, ba lalaci ba ne. Jikinka ne ya daina yafe wahala. Daga yau za ka riƙa tsayawa tun kafin ka gaji."

Kipkurui ya yi dariyar takaici. "Mama, ni fa? In tsaya ban gaji ba? Tuwon ugali zai faɗo mana daga sama ne?"

"In ka ci gaba, ko ya faɗo ba za ka iya kai shi baki ba."

Ta koya masa yin wanka a zaune, da raba aiki gutsi-gutsi, da kwanciya tsakanin wannan da wancan. Agogon hannunsa mai auna bugun zuciya, wanda a da yake ingiza shi ya ƙara wuta, ta mayar da shi mai gargaɗi: da bugu ya haura, ya nemi wuri ya zauna. Ta hau acaɓa har fili ta sami kocin. Waɗanda ke wurin sun ce sun daɗe suna ɗaga murya, shi yana cewa tana kashe wa yaronsa zuciya, ita tana cewa ya zo gida ya gan shi ranar da ya kwanta. Ya zo kuwa. Tun daga ranar bai ƙara cewa lalaci ba.

Ke ce, Mama Cherop, kika yarda da mutum lokacin da kowane awo ya ce lafiyarsa ƙalau. Ke ce kika kwashe rayuwarki kina cewa "ƙara ɗaya, daure," amma da kika ga cutar da dauriya ke ƙara wa ƙarfi, kika sauya baki ba tare da jin kunya ba. Uwar masu ciwon da ba ya nunawa a fuska.

Abin bai tafi sumul ba. Da Kipkurui ya ji dama-dama, aka yi bikin ƙanwarsa, ya wuni yana jidar kujeru. Makonni ya yi a kwance, hasken taga ma yana damunsa. Mama Cherop ta je ta same shi yana kuka, ya juya fuska ga bango.

"Mama, na ɓata komai."

"Ba ka ɓata ba, iyakarka ka gano. Amma in na ƙara jin ka taɓa kujera, ni da kaina zan ɗaure ka a kanta."

Ya tambaye ta ko zai sake gudu. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba. Har yau bai koma gudu ba. Amma yana fita, yana zama a inuwa a bakin fili yana kama wa ƙananan 'yan tsere lokaci, ya koma gida da ƙafarsa, ya kuma tashi lafiya jibi. Shi ne yanzu yake tura mata wasu: wata malamar makaranta, wata mai sayar da dankali.

Mun gode, Mama Cherop. Allah ya ba ki hutun da kika roƙa wa wasu. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, da mu da muke da irin waɗannan marasa lafiya a gidajenmu, in mutum ya ce ya gaji, kada mu ce ya daure. Mu zauna kusa da shi, mu tambaye shi yadda ya kwana, mu kuma yarda da amsar da ya ba mu.