Dattijo da Jakar Allura

Wani dattijo na zaune a karkace a layin ganin likita, kamar benci ya yi masa laifi. Daga ƙugunsa aka zuƙi ɓargo, aka haɗa da ƙwayoyin halitta masu samar da insulin, sinadarin daidaita sukari, da aka dasa masa a hanta, don kada jiki ya kore su. Yatsunsa sun sha hudar gwajin sukari, da gani ya daɗe yana fama. Ya rungume tsohuwar jakar allurarsa.

"Baba, tunda ka daina allura, ka yar da jakar nan mana," in ji 'yarsa.

"Baƙi ne fa a hantata, uwata. Ran da suka tattara suka tafi, ke zan tsira a cinya?"

Nas ta leƙo ta kira shi, ta ce sakamakon gwajinsa ya fito. Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya dubi na bayansa.

"Shiga, malam. Ni ba na sauri."