Rabon Tururuwa

A gidanmu ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar aiki ce, tatsuniya ce ke zuwa ta raɓa. Kakarmu Iya Kande sana'arta turara shinkafa, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Bunkure an san hannunta, don shinkafar da ta turara ba ta karyewa a inji. Da an idar da sallar magariba sai ta ɗora rabin durom a murhu, ta tura buntu da 'yan itatuwa, ta zauna jiran tururi ya tashi. Jiran nan shi ne rabonmu. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da kwanon tuwonsa, kwaɗin kanal ɗin ban-ruwa suna ta kuka a bayan gida. Akwai wata maƙwabciyarmu, Tabawa, lokacin tana amarya, da ke shigowa taya ta juya shinkafa, ita ma takan zauna a ji da ita.

Ni Iya ta fi tsokana, saboda sunan mijinta aka sa mini. "Kai maigida, miji ba cefane," in ji ta, "tura mini wutar nan, ko in kai ƙararka wurin alƙali." Sai na tura, har da hura wa da baki, sannan ta gyara zama. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga ta nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta wanke ta shigo!"

Wadda ta fi yawan ba mu ita ce ta wani manomi da ake kira Tsaf. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba azzalumi ba ne, zakkarsa ma yana fitarwa daidai. Aibinsa ɗaya, in ya yi girbi ba ya barin ko ƙwaya a ƙasa. Sai ya bi gonar da tsintsiya, ya tsince abin da ya zube, ya kaɗe kara har sau nawa. Kurciya ta sauka ta tashi da yunwa. Tururuwa suka zo a jere suka koma a jere. Tsohuwa mai kala, wato mai bin gona bayan girbi tana tsintar abin da ya rage, ta sunkuya tun safe har rana ta take, ba ta rufe gindin ƙwarya ba. Maƙwabcinsa kuwa, wani mai suna Bari, in ya zo kusurwar gona sai ya ɗauke laujensa ya ce, "Wannan rabon tururuwa ne." Tsaf ya yi ta yi masa dariya, yana ce masa malalaci.

Ana nan sai aka yi shekarar da ruwa ya ci rumbuna, abinci ya ruɓe, iri ya ruɓe. Da damina ta kewayo, gari duka ba mai abin shukawa. Bari na zaune a bakin gonarsa ya rafka tagumi, sai ga tururuwa sun fito daga rami, kowace da ƙwaya a ka, suna ajiyewa a gabansa. Tsohuwar nan ma ta zo masa da tulun da ta liƙe bakinsa da laka, cike da hatsin da ta yi kala a gonarsa. Da Tsaf ya ji labari ya ruga bakin ramin, ya durƙusa yana roƙo. A nan Iya take ƙanƙance murya, ta zama sarauniyar tururuwa: "Sannu bawan Allah. Daga wane gari? Gonarka tana ina? Ai mu ba mu santa ba, ba mu taɓa cin komai a cikinta ba." Mu kwashe da dariya har wani ya kifar da miyarsa. Sai ta buɗe durom, tururi ya turnuƙe mu, ta ce, "Ta koma inda ta fito, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na taɓa tambayarta me ya sa Bari bai kwashe gonarsa duka ba, in ya so ya auna wa tsohuwar a gida. Ranar ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Maigida, da kala na raini ubanka bayan rasuwar kakanka, tun kafin a haƙa kanal ɗin nan. Kalar gero, kalar gyaɗa. Mai kala ba mabaraciya ba ce. Da bayanta take sunkuyawa, da hannunta take ɗauka, ta koma gida ba ta ce wa kowa a taimaka mata ba." Ta faɗi haka kanta a sama, kamar mai ba da labarin zuwanta Makka.

Yau shekaru sun tura, ni ma na yi furfura, kuma ba na cikin masu kukan cewa zamani ya lalace. Na buga shinkafa a jikin durom har kafaɗata ta ƙi ɗaguwa, na san abin da nake faɗa. Yanzu injin girbi ke shiga gona, ya yanka, ya casa, ya sheƙe, ya zuba a buhu kafin azahar. Ɗana Mustafa, wanda yanzu shi ke riƙe da gonar, da waya yake kiran injin, da waya yake jin farashin shinkafa a kasuwar Kura, da waya yake sanin ranar da za a sako ruwa a kanal. Ina alfahari da hakan. Sai dai wayar nan ta cinye hirar gidana. Sau ɗaya na samu na ba 'ya'yana labarin Tsaf, ranar da aka daɗe ba wuta cajin kowa ya ƙare. Mustafa yana kwance ya rufe fuska da hula, na ɗauka barci yake.

Injin kuwa Tsaf ne na ƙarfe. Da, in an gama bugu, mata sukan sake kaɗe tarin kara, su bi fangali-fangali suna tsintar zangarniyar da ta kuɓuce wa lauje. Yanzu kara a daddatse yake fitowa, ba abin kaɗewa. Kusurwoyin da injin ba ya iya juyawa ya kai, su ma sai a sa leburori su yanke da lauje su jefa masa a baki. Gwaggo Tabawa, amaryar nan ta da, yanzu tsohuwa ce, mijinta ya rasu, kuma kala ce ke riƙe tukunyarta tsawon watanni. Bara ta bi gonakin da inji ya shiga ta dawo da buhu a naɗe a hammata. Matata ta aika mata da shinkafa. Ta karɓa, ta yi godiya, amma daga ranar in ta hango ni sai ta sauya hanya. Abin ya tsaya mini a rai.

Bana ne injin ya fara shiga gonarmu. Na isa da hantsi, na tarar ya ci rabi, yana ta rugugi. Can a gaɓar kanal na hango Gwaggo Tabawa da wasu tsofaffi, suna tsaye da buhunansu, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba. Na so in yi magana, amma na riga na damƙa wa yaro gona, kuma ba na son in kwance masa zani a gaban mutane. Sai na ja gefe ina kallo.

Da injin ya gama, leburori suka zaro laujuna suka nufi kusurwoyi. Sai na ji muryar Mustafa.

"Malamai, ku dakata. Ku bar waɗannan."

Direban injin ya leƙo daga sama. "Haba ranka ya daɗe, ka ga yawanta kuwa? Wannan ai asara ce."

"Na gani. Rabon tururuwa ne. Ka fita da injin kawai."

Direban ya dubi yaransa, suka yi dariya, Mustafa kuwa ko a jikinsa. Ya ƙarasa gaɓar kanal ya rusuna. "Gwaggo, barka da hantsi. Mun gama namu. In kuna da lauje, bismilla."

Bai ce ya ba su ba, bai auna musu komai ba. Ya juya ya ci gaba da ɗaure buhuna, kamar ba abin da ya faru. Gwaggo Tabawa ta ɗaure zaninta, ta karɓi lauje a hannun wani lebura, ta shiga gonar nan da saurin da ban san tana da shi ba. Ni kuwa na juya na kalli kanal, don kada a ga idon dattijo ya kawo ruwa. Ban taɓa jin girman ɗana kamar ranar ba.

A hanyar gida na ce masa, "Ashe ba barci kake ba ran nan?" Ya yi murmushi yana latsa wayarsa. "Baba, ai fuska na rufe."

Tun daga nan nake tunanin abin da Iya Kande take nufi. Muna yara mun ɗauka labarin rowa ne. Ashe Tsaf ba marowaci ba ne, mutum ne da ya iya aikinsa har bai bar wa kowa wurin sunkuyawa ba. Inji ba shi da laifi, abin da aka ƙera shi ya yi yake yi. Sanin inda za a ce masa ya tsaya, wannan namu ne.

Bayan 'yan kwanaki na hango hayaƙi yana tashi daga gidan Gwaggo Tabawa bayan magariba, iska ta kawo mini ƙamshin da na sani tun ina yaro. Da shinkafar ta bushe aka kai ta inji, sai ga ta da kanta a ƙofar gidana, da kwano a rufe da faifai. Wannan karon ba ta sauya hanya ba. Ta miƙo mini, ta dube ni ido cikin ido.

"Ungo, mijin Kande," in ji ta. "Ka ba Mustafa. Ka ce masa tururuwa sun san gonarsa."