Gaisuwa Cin Batir Ce

Duk wanda ya taɓa cin karo da Baffa Isiya a hanyar gona ya san ba a gaisawa da shi a gama. Kana cewa, "Ina kwana, Baffa?" zai ɗaga maka hannu kamar mai tsayar da mota, ya ce, "Lafiya lau, gajiya babu, iyali lafiya, damina alhamdu lillahi. A taƙaice, me ke tafe da kai?" Shi ke nan. Ya amsa tambaya huɗu alhali ɗaya ka yi, ya bar ka a tsugune da sauran gaisuwa a baki. A Gwangwan kuwa, inda mutum kan ajiye fartanya ya gaida maƙwabci har rana ta take, wannan ba ƙaramin abin magana ba ne. Shi ya sa ku da kuka san shi kuke ce masa A-Taƙaice a bayan idonsa. Ya san da sunan fa. Ya ce aibunsa ɗaya ne, ya yi tsawo.

Ni ne Nasiru, ɗan ƙaninsa, ina koyarwa a Karaye. Shi da matarsa Inna Hajara uku suka haifa, ukun kuma suka binne, don haka duk wata hidimar Baffa kaina take faɗowa. Wata shekara bayan an cire gyaɗa sai ga shi a ƙofar gidana, ko zama bai yi ba.

"Kano za ka raka ni. Kyamarar bidiyo zan saya."

"Kyamara kuma, Baffa? Fim za ka fara da furfurarka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Jiya ina gona na so in tuna muryar babanmu, na kasa. Fuskar tana nan, gemun yana nan, murya babu. Mutum ya mutu, muryarsa ta sake mutuwa a kunnen ɗansa. Tsofaffin garinmu ba za su tafi haka ba."

Na ce ai waya ma tana ɗauka. Ya ce waya ta 'yan gulma ce, kana tsaka da ɗaukar tsoho wani zai bugo yana tambayar farashin taki.

Shago bakwai muka shiga a Kano, kuma na tabbata har yau akwai masu shagon da in sun tuna shi sai sun yi tsaki. Wani ya ɗauko masa sabuwa dal a kwali, yana cewa, "Baba, wannan har gashin hancin mutum take nunawa."

"Wa ya ce maka ina marmarin gashin hancin mutanen Gwangwan? Fuskarsu na sani. Tana jin maganar wanda ba shi da haƙori?"

Mai shago ya ce bai taɓa gwadawa ba. To, Baffa ya gwada. Ya sa a kunna, ya koma can bakin ƙofa, ya lanƙwashe leɓɓansa ciki, ya riƙa gunguni kamar ɗan shekara casa'in. Sannan a maido masa ya kara a kunne. Haka ya yi wa kowace kyamara a kowane shago, mutane na taruwa, ni kuwa ina neman ramin da zan shige. A ƙarshe wadda ta ci jarrabawa wata tsohuwa ce ta hannu, murfin allonta ya karye an naɗe da salatef, batirinta minti ashirin yake yi ya mutu. Mai shagon da kansa ya tausaya, ya ce a ƙara batir na biyu da katin ajiya mai girma. Baffa ya saka ta a aljihun babbar riga, ya ce, "Duk maganar da ta wuce minti ashirin, ƙarya ta shiga."

Da Malam Barau aka fara, wanda ya girmi kowa a garin. Shi kaɗai ya rage da ya san yadda aka haƙa tsohuwar rijiya, da sunayen mutanen da ƙasa ta rufta da su a ciki. Baffa ya danna, jar fitila ta kama, Malam Barau ya gyara zama.

"Isiya, ina kwana? Ina gajiya? Ya Hajara? Ya ƙafar nan taka? A'a, Nasiru! Yaushe a gari? Ya mutanen Karaye? Ya yaran makaranta? Ya babanka... af, Allah ya jiƙansa. Allah ya jiƙan mahaifanmu gaba ɗaya."

"A taƙaice, Malam, rijiya."

"Za mu zo kanta. Ita wannan baƙuwar ta hannunka, an ba ta ruwa kuwa?"

Wallahi sai da ya gaida kowa har da jakin maƙwabta. Can ya yi gyaran murya ya ce, "To, ita rijiyar nan, ranar wata Talata ce..." Ɗif! Fitila ta mutu. Wuta babu a garin, sai da aka aika da batir Rogo wajen mai caji, ya kwana biyu. Ranar da ya dawo muka nufi gidan Malam Barau, muka tarar ana fito da makara. Sunayen mutanen rijiya suka bi shi. A hanyar dawowa daga maƙabarta Baffa ya kafa dokarsa, ko kallona bai yi ba: "Gaisuwa cin batir ce."

Amma wa ya isa ya hana tsohon Bahaushe gaisuwa? In ka ce sai ya gama za ka kunna, a tsakiyar "ya iyali" zai sako labarin da kake nema. Dole a ɗauka da ita. Sai hukuncin ya koma kan kwamfutata. Kowace Asabar Baffa zai hawo bayan babur har Karaye, mu juye abin da ya ɗauko, a share kati, ya tsaya a kaina kamar alƙali.

"Yanke. Nan ma yanke, tari ne."

"Baffa, wannan addu'a ce fa."

"Allah ya ji ta tun ranar. Yanke."

Na ce masa yankan nan ba ya dawo da batirin da aka ci. Ya ce ya sani, ramuwa ce. Kuma ba ya yarda a ajiye abin da aka yanke, don wani ya gaya masa kwamfuta in ta cika mutuwa take yi. Sai ya ga na goge a gabansa, na kuma zubar da kwandon sharar, sannan ya ɗauki sandarsa.

Ba a daɗe ba magana ta tashi, kun dai tuna. Malam Barau an ɗauke shi ya tafi. Wata tsohuwa a Fulatan an ɗauke ta, ba ta ga watan gaba ba. Tsohon wanzamin gari ma haka. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa ƙaraminsu ya haura tamanin. Aka ce kyamarar A-Taƙaice ba hoto take ɗauka ba, rai take ɗauka. In ya doso majalisa da aljihu a kumbure, sai ka ga dattawan da sai an ɗaga su sun miƙe da kansu. Liman ya yi wa'azi a kan canfi ranar Juma'a, ya yi kyau ƙwarai, amma da Baffa ya ce to a fara da shi, sai ya ce yana da mura.

Mutum ɗaya ne ya kawo kansa, Malam Tanko, wanda ciwon ƙugu ya isa, abokansa duk sun ƙare. Ya ce, "Isiya, ni na gaji. Yaushe za ka zo kaina?" Aka ɗauke shi. Wata ya wuce yana nan. Ya dawo aka sake, har sau uku. Damina ta zo ta wuce Malam Tanko na cin tuwo. Ran nan ya tare Baffa a ƙofar masallaci cikin fushi.

"Kai dai an cuce ka a Kano. Jabu ka sayo! Dama an ce araha ba ta ado."

Tun da mutane suka daina barin kyamara ta shiga gidajensu, masu ƙarfin hali sai su zo gidan Baffa. A nan Inna Hajara take shigowa labarin. Ita kam gaisuwa ce sana'arta. Za ta kawo ruwa, ta durƙusa, ta tambayi baƙo har lafiyar kajinsa, cikin wata murya mai sanyi da ba na jin akwai irinta a ƙasar Rogo. Kusan kowane ɗauka da muryarta yake farawa, kuma kowace Asabar ni nake cire ta da hannuna. Wata rana na ce, "Baffa, ka zaunar da Inna ka ɗauke ta mana."

"Layi ake bi. Ita yarinya ce."

Yarinyar nan ta ba sittin baya. Tana daga madafa ta ce, "Ni Malam, rufa mini asiri da abin nan naka, ka bar ni in ci gyaɗar bana."

Ba ta ci ba. Ranar wata Laraba da hantsi tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ce kanta na juyawa, ta jingina da rumbu. Kafin a samo motar da za ta kai ta Rogo ta cika. Ita da ba a taɓa saita mata kyamara ba.

Bayan an share makoki sai ga Baffa a Karaye, ba ranar Asabar ba, aljihunsa kuma ba komai. Ya zauna, abin da bai saba ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar.

"Nasiru, abin da kake yankewa, ina yake zuwa?"

Na ce, "Baffa, ai gogewa muke yi."

"Duka?"

"Duka. A gabanka."

"Ta fara ɓace mini," ya ce, yana nuna kunnensa. "Ko kwana arba'in ba a yi ba."

Na kai kwamfutar Kano wajen masu gyara, suka ce abin ya daɗe, wasu abubuwan sun hau kai. Na dawo na bi bidiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ina jin haushin iyawata. Abin da na samu guda ne, a ƙarshen ɗaukan Malam Tanko na biyu. Hannu ya shigo daga gefe, da ragowar lalle a yatsu, ya ajiye kwanon ruwa. Murya ta ce, "San..." Daidai nan na yanke.

Na kunna wa Baffa. Ya ce in sake. Na sake. Tun azahar muke abu ɗaya har aka kira la'asar, rabin kalma, hannu da kwano. Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka iya yanka, Nasiru. Ko mahauci sai haka." Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan bai sake ɗaukar kowa ba. Ranar da ya tsayar da ni ya ce, "Ya iyali?" kuma ya tsaya yana jiran amsa, na san Baffa ba lafiya. Shekara ba ta zagayo ba muka kai shi kusa da ita.

A ɗakin Inna muka sami kyamarar, cikin langarta ta ajiyar goro. Na kunna a zaure ranar sadakar uku, wasunku suna wurin. Ashe Baffa kansa ya ɗauka: a kan turmi ya ɗora ta, ya je ya zauna jikin rumbun nan, ya gyara hula. Ya kalli kyamara ya ce, "Yawwa, Hajara. Sannu kadai." "Ina kwana? Ina gajiya? Ya kan naki?" Bayan kowace tambaya yana barin fili, daidai tsawon amsa. Ya gaida 'ya'yansa uku da sunayensu, sunayen da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya gaida Malam Barau. Ya dawo kan masu rai, gida gida, daga bakin kasuwa har bayan rijiya, bai tsallake kowa ba. Ya ce, "Nasiru, ya makaranta? Ya iyali? Ya haƙuri da ni?" Sannan ya numfasa, ya ɗaga hannun nan nasa na tsayar da mota.

"To. A taƙaice, abin da nake so in gaya muku..."

Ɗif. Minti ashirin sun cika.

Sai Malam Tanko ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kun gani ko? Ashe tana aiki. Ni ta raina!" Muka kwashe da dariya, hawaye na zuba, ba mai iya kallon ɗan'uwansa.

Abin da ya so ya gaya mana ya tafi da shi, kamar sunayen mutanen rijiya. Wannan bidiyon ban taɓa shi ba, ko tarin da ya yi a tsakiya yana nan. In na kunna ya iso kaina, ya bar mini filina, nakan ce, "Lafiya lau, Baffa," kuma ba na taƙaitawa.

Allah ya jiƙan Baffa Isiya da Inna Hajara, ya yafe musu, ya haskaka makwancinsu. Allah ya sada su a gidan da batir ba ya ƙarewa, ta ƙarasa masa sannunta, shi kuma ya tsaya ya ji.