Waƙoƙin Yayata da Ba Mu Koya Ba

Yayata ce ta raine ni. Innarmu ta rasu ina ƙarama, sai aka ɗauko ni daga Bengu aka kawo ni Gaya wurinta, lokacin ba ta daɗe da aure ba. Mijinta direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Kotonu da Yamai, ita kuwa tana suyar kifi a bakin hanyar da ta nufi gada. Auta take kirana, har na girma na zama malamar lekol, wato makarantar boko, ba ta canza ba.

Mu Kirista ne, kuma a Gaya ba mu da yawa. Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. In ruwa ya kece da ƙarfi ranar Lahadi sai fasto ya dakata da wa'azi, don ba mai jin abin da yake faɗa. Nan ne Yaya take miƙewa ta ja waƙa, domin muryarta kaɗai ke iya danne ƙarar kwanon.

Ba waƙoƙin littafi kaɗai take yi ba. Tana da nata na kanta, waɗanda take haɗawa a bakin kasko tana juya kifi, wasu da Hausa, wasu da Dandanci, wasu a gauraye. Ba ta yi karatu ba, saboda haka ba ta rubuta ko ɗaya ba. Ita take ja, mu matan zumuntar majami'a mu amsa. Amshi kawai muka iya. Baitocin suna da yawa kuma suna da tsawo, ba wadda ta taɓa damuwa ta riƙe su, tun da mai su tana nan tsaye a gabanmu kowace Lahadi.

Wata damina muryarta ta dushe. Muka ce hayaƙin itace ne, aka dafa mata citta da zuma. Da abin ya ƙi, ta je dispanser aka ba ta ƙwayoyi. Kafin kaka ta ƙare haɗiyar tuwo ta fara yi mata wuya, sai kunu da fura mai ruwa-ruwa. Mijinta ya ajiye kamyo ya kai ta Doso, daga can aka tura su Yamai. Da suka dawo ya ja ni bayan ɗaki ya gaya mini abin da likita ya ce: ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya riga ya yi nisa. Za a yi mata magani, amma kada mu sa rai da yawa.

Muka sa rai. Wa zai hana mu?

Matan zumunta suka mai da taronsu na Laraba gidan Yaya. Akan shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, a zaunar da ita a tsakiya, mu kewaye ta. Shugabarmu dattijuwa ce mai sayar da atamfa a kasuwa, dukanmu Mama muke ce mata. Mace ce mai zafin addu'a, kuma tana ƙaunar Yaya kamar ita ta haife ta. Ita ta tsara mana azumi, kowace mace da ranarta. Ita take ɗora hannu a wuyan Yaya tana kuka tana roƙo har muryarta ita ma ta shaƙe.

Fasto kuwa tsoho ne mai sanyin magana, mutumin wajen Karakara. In ya zo yakan shafa mata mai a goshi, ya roƙa mata lafiya, sa'an nan ya rufe da cewa, "Amma Ubangiji, kai ka san abin da ya fi. Nufinka za a yi, ba namu ba." Wannan ƙarshen bai yi wa Mama daɗi ba. Wata rana bayan ya fita ta ce mana, "Ni ban ga amfanin roƙo da amma a cikinsa ba. In ɗa ya je wurin ubansa, ai kai tsaye yake faɗin abin da yake so." Muka ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, da dukan zuciyata, domin addu'ar Mama tana bar mini yayata, ta fasto kuwa ji nake kamar tana buɗe wa mutuwa ƙofa.

Wata Laraba da yamma, bayan an gama addu'a ana naɗe tabarmi, Yaya ta ɗaga hannu. Lokacin maganarta ta koma kamar raɗa, sai an matso ake ji.

"Mama, ku ɗan zauna," in ji ta. "Ina so in koya muku baitocin nan tun ina iyawa. Auta ta kawo wayarta ta ɗauka, ko ta rubuta."

Mama ta durƙusa a gabanta ta kama hannayenta biyu.

"Haba ɗiyata, wace irin magana ce wannan? Ke da za ki tashi ki ja mana da bakinki ranar Kirsimeti? Kada ki yi wa kanki baki. Mun roƙa, kuma an ji."

Mata suka ce amin da ƙarfi. Yaya ta dube ni. Wayar tana cikin jakata, jakar tana rataye a kafaɗata. Na ce, "Yaya, ki bari sai muryar ta dawo, ta fi fita da kyau." Ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, Allah ya nuna mana." Ba ta sake tayar da maganar a gaban mutane ba.

Ba wadda ta yi haka da mugun nufi. A ganinmu, karɓar waƙoƙin nan daidai yake da yarda cewa tafiya za ta yi, mu kuwa mun ɗauka bangaskiya ita ce ƙin yarda.

Sai kuma abin ya zo kamar ya gaskata mu. Bayan maganin da aka yi mata a Yamai kumburin ya sauka. Ta fara cin tuwo mai laushi da miyar kuka, ta yi ɗan kumari. Ranar Kirsimeti aka kai ta majami'a, ta miƙe tana dafe da benci, ta ja baiti ɗaya. Muryar siririya ce, tana rawa, amma tata ce. Mata suka yi ta guɗa, Mama ta zube ƙasa tana godiya. Mijinta ya yanka rago aka raba har maƙwabta. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba, kuma har yau ba na ganin laifin wannan farin cikin.

A cikin waɗannan makonni ne, wata safiya kafin in tafi lekol, na kai mata kunu na same ta a bakin gado ta rufe ido. Ta ce in zauna mu yi addu'a tare. Na zauna. Ta ce:

"Ubangiji, ka san ina son in warke. Ban gaji da duniya ba. Ina son kaskona, ina son in ga ƴaƴan Auta. In ka ga dama ka bar ni, na gode. In kuma ba haka ka shirya ba, to ka riƙe hannuna, kada in ji tsoro. Ka ba mutanen nan haƙuri, don sun fi ni wahala. Cikin sunan Yesu."

Ban amsa da amin ba. Na ce, "Yaya, ai kin warke."

"Na ji sauƙi," in ji ta. "Miƙo kunun kafin ya huce."

Da zafi ya shigo ciwon ya dawo, kuma wannan karon bai yi jinkiri ba. Murya ta ɗauke gaba ɗaya. Takan kwanta a inuwa, yatsunta suna buga kiɗa a kan tabarma, leɓunanta suna motsi. Na san waƙa take yi. A lokacin ne na fito da wayar na kara a bakinta. Abin da ta ɗauka numfashi ne kawai da ƙarar motocin da ke wucewa zuwa gada. Na yi ƙoƙarin karanta leɓunanta, na kama kalma nan, kalma can, ta gaji ta juya kai.

Fasto ya ci gaba da zuwa da addu'arsa mai amma. Na lura in ya kai wurin, Yaya takan gyaɗa kai. Mama ma ta ci gaba da zuwa da tata, Yaya takan riƙe hannunta har ta gama. Ba ta taɓa nuna ta fi son ɗaya ba. Ta rasu da hantsi, lokacin nunar mangwaro, muka kai ta Bengu aka binne ta kusa da Inna.

Bayan an share makoki muka taru mu matan zumunta don mu haɗa abin da ya rage. Wannan ta tuna farkon baiti, waccan ta tuna ƙarshen wani, aka yi ta gardama a kan wanne ke bin wanne. Mu da muka yi shekaru muna amsawa, ba mu iya fitar da waƙa ɗaya cikakkiya ba. Mama ta zauna gefe. Da za ta tafi ta ce mini, "Ni dai so na yi ta rayu." Na ce, "Mama, dukanmu haka muka so."

Akwai wata Hajiya da katangarta ke haɗe da ta Yaya, matar wani mai motocin dako. Duk tsawon jinyar ita ke aiko da fura, kuma kullum ta leƙo sai ta ce Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Da ta ji abin da muke nema ta kira ni ɗakinta, ta sakaya ƙofa, ta ce, "Akwai wadda take yi in tana wanki. Ban san ma'anarta a addininku ba, amma ta zauna mini a kai." Ta rera mini a hankali, tana jin kunya. Waƙa ce ta mai kwalekwale da ya ga hadari a tsakiyar gulbi, yana roƙon a kai shi gaci, kowane gaci ne. Ta kawo baitocin kusan duka. A wuri ɗaya ta tsaya ta ce, "Nan da Dandanci take yi, ni kuwa ba na ji sosai. Karin kawai na riƙe."

Na tambayi tsofaffin Dandawan da ke cikinmu, ba wanda ya tuna. Wata ta ce mu sa wasu kalmomi a wurin, na ƙi.

Ita ce waƙar Yaya kaɗai da ta rage mana. Ni nake ja yanzu, ko da yake muryata ba ta kaiwa ko ƙarshen majami'a. In mun zo wurin da kalmomin suka ɓace sai mu rufe baki mu bi karin da hanci har mu fita. Yaran da suka taso daga baya sun ɗauka haka aka yi waƙar tun asali, kuma wurin suka fi so. Wani lokaci in na dube su suna yi suna dariya, nakan manta in shiga baiti na gaba, sai wadda ke kusa da ni ta taɓa ni.